Ƙwayar Gero a Idon Dama

Ranar Laraba, a kasuwar Hajiya Halima,
na tsugunna gaban tarin matattun na'urori,
masu cin faifai da suka daina ci.
Mai rumfa ya ce ɗari takwas,
na ce biyar,
ya ce, "Ɗauka, ai gawa ta."

A cikin gawar akwai wani ɗan ido,
bai kai ƙwayar wake ba.
Shi nake farauta tun bayan ƙaramar Salla.

Ni ba injiniya ba ne.
Cajin waya nake yi a Mabera, bakin titi,
sai dai hannuna ba ya ganin noti
ya bar shi a ɗaure.
Leza nake so, ba irin ta wasan yara ba,
wadda za ta lashi takarda ta bar tabo.

Na farko ya mutu kafin in gama bisimilla,
na ba shi wuta a baibai.
Na biyu ya ƙifta sau ɗaya,
sai ƙauri, sai shiru.
Na uku dalma ce ta ɗiga masa,
ga zafin bazara, ga ɗaki ba taga,
gumi na sauka daga haɓata kan waya,
ni da ƙarfen dalma
ban san wa ya fi wani ƙuna ba.

Baba Modi mai walda ya leƙo.
"Yaro, ina gilashinka?"
Na ce ai 'yar tocila ce.
Ya buɗe mini jajayen idanunsa da yatsa:
"Ni ma haka nic ce."
Na yi dariya.
Kuɗin gilashin kuwa batir na saya da su.

Na huɗu daga majigin gidan ƙwallo ya fito.
Na zaunar da shi a gangar tsohuwar tocila,
na naɗe, na ɗaure, na yi addu'a.
Daren nan an ɗauke wuta,
unguwa ta yi baƙi ƙirin,
na danna.

Wayyo, shuɗi!
Zare guda, miƙaƙƙe, kamar daga marina aka tsamo shi,
ya tashi daga tafina
ya soki kan dogon yaron makwabta.
Na nuna ashana, ta kama.
Na nuna leda, ta yamutse fuska.
Ƙanwata Luba tana tafi a bakin ƙofa,
ni kuwa ƙirjina ya cika,
ina jin duk Sakkwato ba mai hannu irin nawa.

Sai na juya.
Akwai farantin shayi a jingine da bango,
Inno ta wanke shi tas da toka.
Abin da na aika, shi ya maido mini.

Ba zafi.
Da akwai zafi ma da na gane.
Kamar dai an ɗauke ni hoto ban shirya ba.

Da safe na ga ƙwayar gero a fuskar Inno.
Na duba bango, tana nan.
Na wanke, na murza, na sa aka hura mini,
likita ya ce ba hakiya ba ce, ba tsakuwa ba,
ƙuna ce can ciki
inda ɗigon magani ba ya kaiwa.

Yanzu in an miƙo lambar waya
ɗaya takan ɓuya a tsakiya,
sai in karkata kai kamar kaza
har ta fito.

Na sayi gilashin, ihu bayan hari.
Tocilar na cikin gwangwanin madara,
batir dabam, ita dabam,
makulli a wuyana.

Abin da ke tashe ni cikin dare
ba ƙwayar geron ba ce.
Na auna da safiyar nan:
tsakanin idona da inda Luba ta tsaya
taƙi biyu ne, da ɗan yatsa.